Karen da ke lamushe abinci cikin ƙiftawar ido: kwano za a canza ko tsarin ciyarwa?

Baban Haidar: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce ga masana. Kare Alseshan, namiji, shekara 2, nauyinsa wajen kilo 30. Abincin buhu yake ci, wani lokaci tuwon masara da kifi. Ba ya kai minti ɗaya ya share kwano, ko taunawa babu, an jima kaɗan ya dawo da abincin yadda ya shiga. Kwanon nan mai lungu-lungu da ake tallatawa yana maganin wannan, ko ɓarnar kuɗi ce?

Dakta: Wa alaikumus salam. Kafin mu je ga kwano: sau nawa yake ci a rana, shi kaɗai yake ci ko da wani kare a kusa, kuma yaushe rabonsa da maganin tsutsa?

Baban Haidar: Sau ɗaya, da daddare kafin a sake shi gadi. Su biyu ne, kwanukansu gefe da gefe. Maganin tsutsa zai kai wata 8.

Dakta: To ai ka ba kanka amsa, Baban Haidar. Karen da ya yi awa 24 bai ci ba, ga abokin takara yana huci a kunnensa, ga kuma mai yiwuwa tsutsa tana cin rabonta a hanji, ko kwanon zinare ka ba shi sai ya yi zari. Ka raba abincin yini gida biyu, ba ƙari za ka yi ba, rabawa kawai. Kare mai kilo 30 yana cin tsakanin giram 350 da 450 na busasshen abinci a rana, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a jikin buhu da kuma yawan zirga-zirgarsa. Gwangwanin madara yana ɗaukar wajen giram 70, amma ƙwayoyin sun bambanta, don haka a ɗora shi a sikeli sau ɗaya a san gaskiyarsa. Ka raba karnukan ta yadda ba sa ganin juna, bango ko ƙofa a tsakani, tazarar taku biyu ba ta isa ba. Karen da ya gama girma ana ba shi maganin tsutsa duk wata 3, bisa nauyinsa. Ka yi waɗannan na mako 2 kana duba lokaci da agogon waya. Da yawa daga nan suke saukowa tun ba a sayi komai ba.

Oga Mai Horo: Dakta ya faɗi gaskiya, amma lokacin cin ma akwai gyara. Yawancin gidaje a nan Kaduna, a Malali, Unguwar Rimi da Barnawa, tsari ɗaya ne: kare na keji duk yini, ƙarfe 10 na dare a cika masa ciki, a buɗe masa ƙofa nan take, ya fita a guje yana zagaye katanga yana haushi. Cikakken ciki da guje-guje ba sa haɗuwa. A ba shi rabi da safe, bayan ya koma keji ya huta kamar minti 30 numfashinsa ya daidaita. Ɗaya rabin a ba shi tsakanin la'asar da magariba, ta yadda kafin a sake shi ya samu aƙalla awa 2.

Sarkin Dawa na Rigasa: Ni fa ban yarda da wannan shagwaɓa ba. Kare mai yunwa shi ne mai zafin nama. Ka ƙosar da shi sau biyu a rana, ɓarawo ya zo ya tarar da shi yana minshari.

Oga Mai Horo: Ranka ya daɗe Sarki, karen da yunwa ke cinsa shi ne wanda ake saye da tsoka ɗaya ta saman katanga. Ya cafe ya haɗiye bai ko sansana ba, in da guba a ciki shi ke nan. Kuma ba a ce a ƙara masa abinci ba. Mudun nan dai ne, aka kasa shi biyu.

Sarkin Dawa na Rigasa: Ta wannan fuskar kam ka kama ni. Amma karnukanmu na gida ba sa kumburin cikin nan da ake tsorata mutane da shi.

Dakta: Ba su cika yi ba, haka ne, domin yawancinsu ba su kai wancan girma ba. Abin ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji: Giret Den a gaba, sai irin su Alseshan, Dobaman da Rotwaila. Bari in yi bayaninsa, don shi ne dalilin da ya sa wannan magana ta wuce batun tsabtar amai.

Kare mai zari yana haɗiyar iska tare da abinci. Tumbi ya cika ya kumbura, wani lokaci kuma ya juya a kan kansa kamar yadda ake murɗe bakin leda, rabin zagaye ko ma cikakken zagaye. Da ya murɗe, ƙofar shiga da ta fita sun toshe: ba gyatsa, ba amai, ba wucewa hanji. Iska na ci gaba da taruwa, tumbin ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sau da yawa ya ja saifa ta bi shi. Alamominsa ba sa ɓuya. Kare yana kakarin amai amma ba abin da ke fita sai kumfa, yawu na dalala, ciki ya yi tauri ta bayan haƙarƙari, in ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji kamar ganga, ya kasa kwanciya ya kasa tsayawa wuri ɗaya, dasashi ya koma fari-fari. Wannan lissafin awoyi ne, ba a cewa bari gari ya waye. Kada a ɗura masa manja, madara ko jar kanwa, babu inda za su bi, sai dai su faɗa huhu. Kada kuma a soke cikin kamar yadda ake yi wa saniyar da ta kumbura. Tiyata ce maganinsa: a warware tumbin a ɗinke shi jikin bangon ciki don kada ya sake juyawa. Duk mai babban kare ya san tun yau wane asibitin dabbobi ne a cikin gari ke iya buɗe ciki da daddare, ya ajiye lambar. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Zariya, tafiyar sama da awa ɗaya daga nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maman Joy: Dakta na gode. Shi ya sa ake ɗora kwano a kan benci ko bulo, wai in wuya bai sunkuya ba iska ba ta shiga sosai.

Dakta: Maman Joy, wannan shawara ta daɗe tana yawo, amma bincike bai goyi bayanta ba. A Jami'ar Purdue ta Amurka an bi manyan karnuka sama da 1,600, aka buga sakamakon a 2000. Abubuwan da aka samu suna tafiya da murɗewar tumbi sun haɗa da yawan shekaru, samun uwa, uba ko ɗan'uwan da ya taɓa yi, saurin ci, da kuma ɗaga kwano sama. Wato ɗagawar ta faɗo a ɓangaren haɗari ne. Lafiyayyen kare a bar kwanonsa a ƙasa.

Wuri ɗaya ne ake ɗagawa, shi ma da umarnin likita: in maƙoshin kare ya saki ya faɗaɗa, ba ya iya tura abinci zuwa tumbi. Alseshan na cikin masu gadon wannan. Shi ya sa nake son Baban Haidar ya lura da yadda abincin ke dawowa. In ya zubo ne kawai ba yunƙuri, ba a ga ciki yana motsi ba, abincin bai narke ba, wani lokaci a dunƙule dogo kamar tsiran alade, to daga maƙoshi ya dawo. In bayan an rage masa gudu hakan bai daina ba, ko ya fara tari da rama, a kai shi a ɗauki hoton ƙirji.

Maman Joy: To na sauke benci. Mu dawo kan kwanon kanti. Abin da mutane ke kuskurewa shi ne girma da zurfin lungu. Kwanon da aka yi wa ƙaramin kare ba ya ɗaukar giram 200, sai a tula abinci ya rufe tudun da ke cikin kwanon gaba ɗaya, ya zama kwano na kullum. Doka ita ce abinci ya tsaya ƙasa da rabin tsayin tudun. Sannan a dubi baki: Alseshan mai dogon baki ne, yana iya bin lungu mai zurfi da kwana-kwana. Rotwaila da Burbul bakinsu faffaɗa ne, lungu mai matsi yana goge musu hanci da haɓa har ya yi ja, daga nan su fusata su kife kwanon ko su hau tauna shi. Su a nema musu mai manyan tudu uku ko huɗu. Robar kuma a matsa ta da babban yatsa a kanti, in ta lotsa, haƙorin Rotwaila zai gama da ita cikin mako. Araha ba ta ado.

Usta na Panteka: Salamu alaikum. Wanda bai samu na kanti ba, ga yadda ake haɗa wanda ya fi shi ƙarko. Kwanon silba biyu: babba mai faɗin santimita 32 zuwa 35, ƙarami mai faɗin 16 zuwa 18. A kife ƙaramin a tsakiyar babban, sai abinci ya zauna a zagaye kamar kwata, dole kare ya riƙa bi yana zagayawa. Faɗin kwatar ake aunawa a ƙasan kwano, ba a baki ba: santimita 5 zuwa 6 ga mai dogon baki, 8 ga mai faffaɗa. Matsalar ita ce kare zai ture ƙaramin da hanci. Maganinta, a cika ƙaramin da kwaɓin siminti da yashi, a shafe bakin ya yi daidai, a bar shi kwana 4 zuwa 5 ana yayyafa ruwa. In aka kife shi nauyinsa ya wuce kilo ɗaya, simintin na ƙasa, harshen kare silba kawai yake taɓawa, kuma ana ɗaga shi a wanke ƙarƙashi. Babban kwanon a zaunar da shi cikin tsohuwar taya da ta yi masa daidai, ta Keke Napep ko ta ƙaramar mota, ba ya kifewa ba ya tafiya.

Baban Haidar: Usta, ba gara a yi masa walda gaba ɗaya a huta ba?

Usta na Panteka: Yallaɓai, kwanon silba siriri ne, waldar lantarki ta kullum huda shi take yi. In ma ta kama, wurin ɗinkin yana tsatsa, yana barin ƙaya-ƙaya da ke yanka harshe, ga ramukan da maiƙo ke maƙalewa ba a iya wankewa. Sai mai waldar agon, shi ma sai ya goge ɗinkin ya yi sumul har ka shafa da bayan yatsa ba ka ji komai ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma kada a yanko kwanon rufi ko gwangwanin fenti a yi kwano da shi.

Dakta: Ƙarshen maganar Usta a riƙe ta. Kwanon rufi an lulluɓe shi da zinki, yana iya narkewa cikin abinci mai tsami ko kare ya ɓantari gefe ya haɗiye, zinki kuwa yana fasa jajayen ƙwayoyin jini. Tsohon fenti kuma ana samun dalma a wasu.

Sarkin Dawa na Rigasa: Duk wannan dogon aiki, dutse ɗaya a tsakiyar kwano ya gama magana.

Oga Mai Horo: Dutse na aiki, amma yana da sharaɗi. Ya zama guda ɗaya, sumul, wanda ya fi ƙarfin buɗewar bakin karen, kamar girman kwakwa. Tsakuwoyi uku ko huɗu girman ƙwai su ne haɗarin: maiƙo ya shafe su, kare ya haɗiye ɗaya, a ƙare a teburin tiyata. Kuma karen da ke kai cafka da ƙarfi yana iya karya fiƙa a jikin dutse. Kifaffen kwanon Usta ya fi aminci.

Hajiya ta Kabala: Duk kuna maganar abincin buhu, alhali rabin masu kare a garin nan tuwo da shinkafa suke bayarwa. Tuwo a kwano mai lungu azaba ce wurin wanki, yana bushewa a kusurwa kamar siminti. Abin da ya dace da tuwo shi ne faɗi. A sami tire na silba mai faɗin santimita 45 zuwa 50. A bar tuwon ya huce har cikinsa, don malmala tana yin sanyi a waje tsakiyarta na ƙuna. A marmasa shi da romon kifi ko na ƙashi, a shimfiɗa kaurin yatsa ɗaya, a danna da bayan ludayi ya manne. Babu lomar da zai ɗauka, dole ya lasa. Abin da yake haɗiyewa a loma biyar sai ya ɗauke shi minti 6 ko 7.

Wata dabarar kuma tanda ce, ta ƙarfe ba ta ƙasa ba, don ta ƙasa tana shan maiƙo ta yi wari. Gurabenta sun raba abincin kashi-kashi, ga nauyi. A shafa tuwo a kowane gurbi, ko a zuba ƙwayoyin buhu cokali uku-uku. A shanya ta bayan wanki, a ɗan shafa mai don tsatsa.

Malam na Tudun Wada: Hajiya, Allah ya saka. Sai dai a ƙara da cewa tandar da tiren sun zama na kare har abada, a yi musu alama da fenti ta waje, kada su koma madafa. Hadisi ya zo da wanke mazubin da kare ya sa baki sau 7, kuma ko ta fuskar lafiya ba a haɗa soson kwanon kare da na gida.

Hajiya ta Kabala: Haka ne Malam. Tsohuwar tanda da aka yi ritaya da ita nake nufi.

Dakta: Tunda an ambaci tanda: ƙullun waina, kwaɓin fanke ko na burodi da aka sa wa yis kada kare ya kai gare shi. Ɗumin ciki yana sa ya ci gaba da tashi a tumbi, yana fitar da iska da giya. Romon da Hajiya ta ce kuma a dafa shi daban, ba miyar gida ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, ɗanye ko dafaffe, kuma illar tana taruwa a hankali. Dafaffen ƙashin kaza da ƙayar kifi a tsince su, mai zari ba ya tsayawa tantancewa.

Oga Mai Horo: Yanzu kayan wasa ƙwaƙwalwa. Bambancinsu da kwano shi ne, kwano gudu kawai yake ragewa, su kuwa suna ba kare aikin yi, kuma karen da ke kulle awa 14 yana bukatar hakan. Mafi sauƙi gorar ruwa ce ta lita ɗaya da rabi. A cire murfi, a cire zoben wuya, a ɓare takarda, su ne ake haɗiyewa. A huda ramuka 4 a jiki da ƙarfe mai zafi don bakin ramin ya narke ya yi santsi, wuƙa tana barin kaifi. In ƙwayar abinci santimita ɗaya ce, ramin ya kai ɗaya da rabi zuwa biyu. A zuba gwangwani ɗaya, a bar shi ya gangara ta da hanci. Gora ta mai saukin baki ce, kuma ana tsaye a kansa. Da ya kwanta ya sa ta tsakanin ƙafafu ya fara tauna, a karɓe.

Mai ƙarfin haƙori a yi masa da fayif ɗin ruwa mai kauri: faɗin inci 3, tsawon santimita 30, murfi a kowane gefe. Ɗaya a manne shi da gam ɗin fayif a bar shi ya sha iska kwana 2 har warin ya fita, ɗaya ya zama mai zare da ake kwancewa don zubawa da wanki. Ramuka 6 zuwa 8 a warwatse, a goge bakinsu da samfefa ciki da waje. Yana ɗaukar giram 200 ba matsi, kuma kare na iya yin minti 10 zuwa 15 a kansa.

Inda ake faɗuwa shi ne farawa da wuya. Kare bai san wasan ba, ya tura sau biyu ba abin da ya fito, sai ya watsar ko ya koma fasa abin. Ranar farko ramuka su yi yawa su yi faɗi, a bar wasu ƙwayoyi a ƙasa kusa da shi, a gangara masa sau ɗaya ya gani. Kwana 3 na farko kashi ɗaya cikin huɗu na abincin kawai za a sa a ciki, sauran a tire. Daga nan a riƙa ƙarawa. In ana son ƙara wuya a toshe rami biyu ta ciki, ko a jefa guntun katako mai girma a cikin fayif ɗin ya riƙa tare hanya.

Maman Joy: Na kanti da ya fi shahara shi ne Kong, robar nan mai kama da ƙwarya uku a jere da rami a ciki. Ja na kare na kullum ne, baƙi na masu tauna da ƙarfi. A ɗauki wanda ba zai iya wucewa bayan turamen haƙora ba, in ana shakka tsakanin girma biyu a ɗauki babba. Cikawa: a jiƙa ƙwayoyi da ruwan ɗumi minti 15, a cakuɗa da dafaffen dankalin Hausa ko kabewa, a cusa, a toshe baki da cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko kindirmo marar sukari. In da wuta a sa a firiza awa 4, zai yi minti 20 ko fiye yana lasa, a watan Maris da Afrilu kuma ya samu sanyi. Kafin a daskarar a zura tsinken shan lemo daga ƙaramin rami zuwa babba, a zare lokacin bayarwa, don iska ta samu hanya. Duk abin wasan da rami ɗaya gare shi yana iya zuƙe harshe ya riƙe har ya kumbura. Na jabu sun cika kasuwa, alamarsu warin taya da laushi, suna ɓantarewa.

Baban Haidar: Firiza kuma, Maman Joy, da wannan wutar tamu?

Maman Joy: Ko ba wuta yana aiki, minti 5 zuwa 8 maimakon 20. Ko a ɗaure a leda a kai wa masu ƙanƙara.

Dakta: Gyara biyu a kan gyaɗa. A tsince ta kafin a markaɗa, duk ƙwayar da ta yi baƙi ko fumfuna a zubar. Gubar fumfunar gyaɗa da masara tana kashe hantar kare, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Buhun abincin ma da damina a ɗora shi kan katako a ɗaure baki. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba kuma a karanta jikinta, in an sa zailitol a madadin sukari kada a ba shi ko ɗigo, yana faɗar da sukarin jinin kare cikin ƙanƙanin lokaci. Sannan duk abin da aka cusa a abin wasa a cire kwatankwacinsa daga kwano. Ka riƙa shafa haƙarƙarinsa: ka ji su ba tare da dannawa ba, amma kada ka gan su daga nesa.

Sarkin Dawa na Rigasa: A watsa masa a tsakar gida kamar kaji mana, ya bi yana tsinta. Hancinsa ma ya yi aiki.

Oga Mai Horo: Wannan ita ce dabara mafi kyau da ba ta cin ko sisi, Sarki, in wurin ya dace. Daɓen siminti ko intalok da aka share, faɗin taku uku-uku, giram 200 zai ɗauke shi minti 10. A kan rairayi kuwa yana haɗawa da ƙasa, kuma inda karnuka ke kashi akwai ƙwan tsutsa. Gidan da aka zuba maganin ɓera ko aka yi feshin ciyawa, a'a. Da damina cinnaka da kwarkwasa za su riga shi. Kuma ga karen gadi akwai wani abu: kana koya masa cin abin da ya tsinta a ƙasa. In ana horar da shi ƙin abincin da aka jefo, a tsaya kan tire, tanda da fayif, a wuri ɗaya, daga hannun mutum ɗaya ko biyu.

Maman Joy: Ƙwallon tanis da ake ɗorawa kan gurabe don kare ya ture fa? Ana yi da tanda ma.

Oga Mai Horo: Ga ƙaramin kare da kwikwiyo, e. Ƙwallon tanis bai kai santimita 7 ba, yana shiga maƙogwaron Alseshan ko Rotwaila ya zauna daram. Gashin jikinsa kuma yana riƙe ƙurar hunturu ya zama samfefa, yana cinye haƙora. A rufe guraben da abin da ya fi haka girma, kamar ƙananan kwanukan silba a kife.

Hajiya ta Kabala: Wanki kuma kada a raina shi. Jiƙaƙƙen abinci a zafin nan minti 30 ya isa, abin da ya rage a kwashe kafin ƙudaje su sauka. Santsin nan da ake ji a ƙasan kwano ko bayan an ɗauraye, datti ne mai rai, sai an sa buroshi. Tsohon buroshin haƙori yana shiga lungu da cikin Kong, fayif kuma a sa masa buroshin kwalba. Sau ɗaya a mako a jiƙa su minti 10 a ruwa lita 4 da babban cokali ɗaya na Hypo, a ɗauraye sosai, a shanya. Robar kada a bar ta kullum a rana, tana bushewa ta tsattsage, tsagar kuma ta kama haɓar kare ta yi ƙuraje.

Baban Haidar: Ɗayan karen yana gurnani in an matso kusa da abincinsa. In na ba su fayif ba za su yi faɗa ba?

Oga Mai Horo: Za su yi, in suna wuri ɗaya. Abin wasa mai abinci ya fi kwano jawo faɗa, don yana gangarawa ya shiga yankin ɗayan, kuma cin yana daɗewa. Kowa a kejinsa ko a ɗaure nesa, a kwashe kayan bayan an gama kafin a haɗa su, ko fanko ne. Yara kada su kusanci wurin. Mai gurnanin kada a riƙa fizge masa kwano wai don ya saba, hakan ke koya masa cewa hannu ɓarawo ne, sai ya ƙara sauri. A riƙa wucewa daga nesa ana jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, guntun dafaffiyar hanta misali, ana rage tazarar kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Dakta: Ƙari ɗaya, Baban Haidar. In an yi duk wannan, kare yana cin cikakken rabonsa amma yana ramewa, kashinsa mai yawa ne, fari-fari, mai maiƙo, a gwada shi. Alseshan na yawan samun gazawar gaɓar cikin da ke fitar da ruwan narkar da abinci, wato fankiriyas, yunwarsa ba ta ƙarewa don abincin wucewa kawai yake yi. In kuma yawan ci ya zo da yawan shan ruwa da fitsari, a duba sukari, a kuma tuna ko an yi masa allurar deksametason kwanan nan, ita ma tana buɗe ciki haka. Ruwa kuwa kada a ɗauke masa, ya kasance a gabansa kullum. Sai dai in ya dawo daga gudu yana haki, a ba shi rabin lita, a jira minti 10, a ƙara.

Baban Haidar: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Usta, babban kwanon da ke gida na auna shi, 30 ne a baki, 24 a ƙasa. Ƙaramin nawa zan nema?

Usta na Panteka: 24 a ƙasa, ka cire 6 ta kowane gefe, saura 12. Nemi mai faɗin baki 12, ko 13 in ba a samu ba, mai ɗan tsayi don simintin ya yi nauyi. Ka tafi Kasuwar Gumi da babban a hannu ka gwada a gaban mai kaya, don lambar da ake bugawa a gindin kwano ba kullum take daidai da awo ba.